Wankan Sakinatu

Bagudo, bayan Mauludi, 1960

Zuwa ga Bunyaminu, jikan wana Atiku, a makarantar koyon aikin asibiti, Zariya.

Daga kakanka Labbo Wanzami. Baki nawa ne, hannu na Audi Tela, shi ke rubutawa. In ka ga ƙarya a ciki, tasa ce.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke. Ƙafata ta hagu tana nan da halinta, ta riga kowa sanin ranar da za a yi ruwa. Kwara ta cika ta batse, shinkafar Kaoje ta nutse har wuya, amma masu ita sun ce in ruwan ya tsaya haka za a ci.

Bayan haka, albishirinka. Amaryata da ka ƙwace mini, jikata Sakinatu, ta sauka. Namiji. An sha wuya, ta zubar da jini fiye da yadda Tasallah ke so, amma Allah ya raba lafiya. Tasallah ƙanwata kuwa ka san ta, rabin garin ga a hannunta sunka faɗo, har da kai. Ran suna anka raɗa mishi Atiku, ni na yi mishi aski. Dubi duniya. Mutumin da ya koya mini riƙon aska, yau ga kansa duka cikin tafin hannuna ɗaya, shina tsala mini ihu.

Kada ka damu da mai jego. Tun ranar da ta haihu anka ɗora tukunya. Safe da maraice ruwa na tafasa, Tasallah na tsoma ganyen runhu tana fyaɗa mata har fatar ta yi ja. Na sa anka gyara gadon ƙasa na ɗakin uwarta, wuta ba ta mutuwa ƙarƙashinsa. Itace tun bazara nake tara shi, ƙirya da marke, na rufe da zana don kada damina ta same shi. Kanwa kuwa ba ta tsakar kasuwa ba ce mai rabi da ƙasa. Ja ce, Gidaɗo falke ya kawo mini ta daga Dole Kaina. Kunu ƙwarya cike, ta sha ta ƙara. Haihuwar fari ce, ba a arba'in za mu tsaya ba, sai ta yi wata huɗu kamar yadda munka gada. Jikin mai jego ɗanye ne, in ba a gasa shi ba sanyi ya shige, kuma in ya shige ba ya fita.

Kai dai ka yi karatu. Kada ka dawo muna da wando mai matse ƙafa kawai.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

*

Zariya, ƙarshen Satumba

Zuwa ga Kaka Labbo.

Bayan gaisuwa da ladabi, ina lafiya, karatu na tafiya. Allah ya sassauta ƙafa. Takardarka ta iso, na karanta ta a bayan ɗakin kwananmu inda ba mai ganin fuskata. Alhamdu lillahi. Ka gaishe mini da Inna Tasallah, ka ce na gode da wahala. Ka gaishe da mutanen cikin gida duka, manya da ƙanana.

Maganar ƙwace kuwa, tsoho, ni ban ƙwace ba. Kai ka ba ni da hannunka, ka ci goro, har ka taka rawa da ƙafar da kake cewa tana ciwo.

A watan nan darasin zuciya muke. Likitan da ke koya mana ya sa an kawo zuciyar rago daga mahauta, ya tsaga ta a gabanmu. Ɗakuna huɗu ne a ciki, biyu sama biyu ƙasa, kuma kowace ƙofa da ƙyaurenta mai buɗewa gefe guda, jini ya wuce ba ya komawa baya. Ɓangaren dama yana tura jini huhu ya sha iska ya yi ja. Na hagu ya karɓe shi ya tura shi jiki duka, har ɗan yatsan ƙafa. Daga can ya dawo da duhunsa ta wasu jijiyoyin dabam, ya sake shiga dama. Haka yake kewayawa tun mutum na ciki har ranar da za a kai shi kabari. Da na ji haka sai na tuna da ƙahonka. Kaka, jinin nan baƙi da kake nuna wa mutane kana cewa matacce ne ya kwanta musu a baya, da ransa. Kan hanyarsa ta komawa gida ka tare shi. A cikin ƙaho yake daskarewa, ba a cikin mutum ba.

Nan gari ya ɗauki haramar bikin mulkin kai, an raba mana 'yan tutoci. Ba za a ba mu hutu mai tsawo ba sai bayan jarrabawa.

Jikanka, Bunyaminu.

*

Bagudo, bayan bikin tuta

Zuwa ga Bunyaminu.

Muna lafiya, sai dai ruwa ya ƙaru, ya ci hanyar mota, takarda sai ta jirgi.

An yi bikinku. Anka tara yaran makaranta sunka yi waƙa, anka sauke ƙyalle anka ɗaga wani. Mutanen Dahome sun riga mu da wata biyu, ban ga sun ƙara tsawo ba. Ni da idona na ga ranar da Bature biyu sunka zo da igiya sunka kafa dutse tsakiyar gonar kawunmu, sunka ce nan Ingilishi can Faransa. Dawar ba ta sani ba, ta yi kai ko'ina.

Maganar jini, yaro, tun ubanka bai san hanyar masai ba nake kafa ƙaho. Mutum ya zo mini a duƙe, ya koma a miƙe. Kai ka ga cikin rago ɗaya ka zama malami. Rago ya taɓa gaya maka bayansa na ciwo?

Amaryata ta yi kyau, jego ya karɓe ta. Ta cika, fuska kamar wata, ƙafafu sun yi ɓul-ɓul har takalmin aurenta ba ya shiga. Munduwar uwarta da ke hannunta sai da munka kira maƙeri ya buɗe ta. Na ce mata in ta ci gaba haka zan mai da aurena. Ta yi dariya, dariyar ta zame mata tari. Wanga tari shi kaɗai ke damunmu. Ba ta son kwanciya miƙe, ta ce numfashi na tsere mata, sai ta jingina da bango take barci. Daga ɗaki zuwa wurin wanka sai ta tsaya ta huta. Tasallah ta ce ɗan sanyi ne ya sami kafa ranar da anka yi ruwa da iska, don haka ta ƙara kanwa a kunu, ni kuma na ƙara itace. Za mu kore shi.

Wana Atiku shina tsotso kamar mai ramuwar gayya. Hancinku ne, Allah ya ba shi haƙuri.

*

Zariya, tsakiyar Oktoba

Kaka,

Ka yafe mini gajeruwar gaisuwa. Na ba Gidaɗo wannan takarda da hannu, na same shi a tasha, ya ce gida ya nufa, zai riga gidan waya.

Yau zan ajiye kunya in ambaci suna. Sakinatu ba ƙiba ta yi ba. Kumburi ne. Ka danna ƙaurinta da babban yatsa ka ɗaga. In gurbin yatsan ya zauna kamar a ɗanyen yumɓu, ruwa ne, kuma daga zuciya yake. Na karanta wa likitanmu abin da ka rubuta, ban kai ƙarshe ba ya tambaye ni kwana nawa ne daga nan zuwa garinmu.

Ka saurare ni da misalin da ka sani. In Kwara ta cika, ƙananan rafuka ba sa samun inda za su zuba, sai su ja da baya su malale cikin fadama. Haka jini yake. In zuciya ta gaji ba ta iya kwashe abin da ke dawo mata, sai ya taru a jijiyoyi, ruwansa ya tsattsafo cikin nama. Na ƙasa ya taru a ƙafa da ciki, na sama ya taru a huhu. Shi ya sa in ta kwanta take jin kamar ana nutsar da ita. Nutsewar ce kuwa, Kaka, daga ciki.

Zuciyar mace wata tara tana yi wa mutum biyu aiki. Ta Sakinatu ta fito daga wannan, ga jinin da ta zubar, wanda ya rage ya tsinke, dole ta riƙa bugawa da sauri kafin ta ciyar da jiki. Sai aka zo da wuta. Zafi yana buɗe ƙananan jijiyoyin fata duka, jini ya kwarara can, zuciya ta ƙara gudu. Sai kuma kanwa. Ka san yadda buhun gishiri ke jan laima da damina. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, duk inda ta shiga sai ta riƙe ruwa. Kowace ƙwaryar kunu ƙarin kaya ce a kan jakin da ya riga ya durƙusa.

Don Allah, don Annabi, a daina ba ta kanwa yau. A cire gishiri daga miyarta. A kashe wutar gado, a yi mata wanka da ruwa mai ɗumi kawai. A bar ta ta zauna a jingine, kada ta ɗauki ko tulu. Kada ka kafa mata ƙaho, ba ta da jinin bayarwa. Sannan a sa ta a jirgi a gangara Yawuri, akwai likita. Suna da ƙwayar da ke ƙarfafa bugun zuciya, da allurar da ke fitar da ruwan ta fitsari. Na ga mata irinta an kawo su ranga-ranga sun koma da ƙafarsu.

Na san wannan magana za ta yi wa Inna Tasallah ɗaci. Ka lallashe ta.

Bunyaminu.

*

Bagudo, shinkafa ta fara nuna

Bunyaminu,

Muna nan. Lafiya sai godiya.

Takardarka ta yi yawon duniya kafin ta zo. Gidaɗo bai nufo gida ba, ya ji goro ya yi tsada a Dahome ya ƙetara, can kuma sababbin masu tsaron iyaka sunka riƙe mishi kaya ya zauna jiran su. Ni ina nan ina cewa yaro ya sami birni ya manta da mu. Da ma ta ɓace.

Audi bai san abin da ke ciki ba, ya buɗe ta a zaure ya ɗaga murya, Tasallah na bakin ƙofa da ƙwaryar kunu a hannu. Ta ji kunun da ta tashi tun asuba ta dama an kira shi kayan jaki. Ta shiga ta ba yarinya ta shanye, ta fito ta ce in gaya maka da wanga kunu anka yi nonon da ka sha.

Yanzu ni ka saurare ni, don akwai abin da ba ya cikin rago.

Ɗiyata Barira, uwar Sakinatu, ka san ta rasu a jego, ba ka san yadda anka yi ba. Shekarar yaƙin Turawa ce, da anka kwashe samari zuwa Bama. Faransa da Ingilishi sunka ɓata, anka rufe iyaka, kanwa ta yanke, ko ta miyar kuka babu. Ruwa kuma ya shigo gari ya jiƙa itace. Da kara da kashin shanu munka riƙa ɗumama mata ruwa, ruwan da ko kaza ba za a fige da shi ba. Ba a yi sati biyu ba sanyi ya kama ta. Na rufa mata bargo, na rufa mata rigata, haƙoranta na kaɗawa tana cewa, "Baba, ɗari nake ji." Da wagga magana ta tafi. Ta bar mini jaririya, da nonon akuya na raine ta. Ran da na ga cikin Sakinatu ya fito na yi wa Allah alkawari wagga ba za ta nemi wuta ta rasa ba.

Kuma zan lissafa maka. Kakarka ta yi wanka tara, ta mutu ba haƙori. Mariya matar liman goma sha ɗaya, tana nan tana zagin jikoki. Uwarka fa? Duk matan da anka gasa sunka tashi, ina tasu zuciyar take, ba irin ta rago ba ce? Ɗaya anka bari da sanyi, ita na binne. Sai kai daga Zariya ka ce in ɗebi ruwa in kashe wuta, in sa ɗanyen jiki cikin jirgi iskar kogi ta yi yini tana dukanta.

Ba zan yi ba.

Amma ba ni ɓoye gaskiya ko ta kayar da ni. Tun kafin takardarka ta zo na kafa mata ƙaho a ƙafafu. Na tsaga, na ja. Abin da ya taru ruwa ne, ja-ja kamar wankin nama. Ban taɓa ganin ƙahona ya kawo haka ba. Na danna ƙaurin kamar yadda ka ce, gurbin ya zauna. Wanga kam ka faɗi daidai. Sanyi ma ai ruwa yake tarawa.

Ta ce a gaishe ka.

*

Zariya, Nuwamba

Kaka,

Ina gaisuwa. Ban san labarin Inna Barira haka ba, na yi kuka. Ka roƙar mini gafarar Inna Tasallah, bakina ne ya yi kaifi, ban raina hannun da ya karɓe ni ba.

Amma ciwon ba ɗaya ba ne. Abin da ya ɗauki Inna Barira zazzaɓin haihuwa ne, ƙwayar cuta ce ke shiga jini ta inda mahaifa ta rabu. Mai shi yana rawar ɗari ko a cikin wuta aka sa shi. Na Sakinatu dabam ne. Matan da ka lissafa kuwa gaskiya ne sun tashi. Jirgi goma ake yi wa lodi ɗaya su haye lafiya, na sha ɗaya mai tsaga a gindi ya nutse. Ban san dalilin da ya sa tata zuciyar ta zama mai tsagar ba, likitanmu ma ya ce bai sani ba. Abin da muka sani, in jirgi na shan ruwa rage kaya ake yi.

Kada ka yarda da ni. Ka yarda da hannunka, ya fi nawa sanin jikin mutum. Ka ɗora yatsu a wuyan hannunka, gindin babban yatsa, za ka ji jijiya na harbawa. Wannan zuciyarka ce ke turo jini. Ka riƙe bugun naka a ranka, sannan ka taɓa nata. Ka dubi gefen wuyanta tana zaune, ko jijiya ta tashi ta cika. Sannan ka sa kunne a bayanta, ƙasan allon kafaɗa, ta ja numfashi. In ka ji ƙara kamar ana murza gashi tsakanin yatsu kusa da kunne, ruwa ne a huhu. Kai ka fi kowa sanin ƙarar gashi.

In ba ka ji komai ba, ka ci gaba da wutarka, ba zan ƙara magana ba. In ka ji, Kaka, ita kaɗai gare mu, ni da kai.

Na nemi izini, an ce in rubuta jarrabawar farko in tafi. Zan biyo ta Yawuri. Allah ya sa in same ku can. Ka gaya wa Sakinatu ina zuwa.

Bunyaminu.

*

Bagudo, an fara yankan shinkafa

Zuwa ga Bunyaminu, ta hannun Riskuwa mai jirgi, ya neme ka a bakin asibitin Yawuri.

Salamu alaikum. Ni lafiyata lau, ban san amfaninta ba. Yaro lafiya.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sakinatu ta riga mu. Kada ka jira mu a Yawuri, ba mu isa ba. Ka zauna ƙasa kafin ka ci gaba. Zan faɗa maka duka yadda ya faru, don hakkinka ne, kuma don ban iya faɗin abu rabi.

Wagga takarda taka ta zo da wuri, Audi ya karanta mini ita mu biyu. Na yi abin da ka ce. Tawa jijiyar na tafiya kamar mace ɗaya na daka, ba gaggawa. Na shiga na kama hannunta. Da ƙyar na same ta cikin kumburi, siririya, tana gudu tana tuntuɓe, ta yi kamar ta tsaya ta sake zabura. Jijiyar wuya ta miƙe kamar igiyar guga har gindin kunne. Na sa kunne a bayanta. Bunyaminu, shekara nawa ina murza gashin mutane. Shi ne, dama da hagu.

Na fito na ɗauki tulu na juye ƙarƙashin gado. Hayaƙi ya cika ɗakin. Tasallah ta tsaya ta dube ni, ta ce ita ta wanke gawar Barira da ɗari a jikinta, in wagga ta bi ta, in san ni na kashe wutar da hannuna. Na ce na ji. Na ɗauke kanwar na sa cikin zabirata.

Kwana biyu ba kunu ba wuta, sai na ga kamar ta sami sauƙi, har ta ci tuwo ba gishiri tana ɓata fuska. Na ce ko a bari ta ƙara ƙarfi kafin a hau ruwa. Rana ta uku da safe tari ya kawo kumfa mai ja-ja. Sai na aika anka kira Riskuwa.

Munka shimfiɗa mata tabarma tsakiyar jirgi, na zauna bayanta ta jingina da ƙirjina, na lulluɓe ta da bargo saboda iska. Yaro munka bar shi wurin Atika matar ƙanen Audi, tana goyo, nono ya ishi biyu. Ruwa na da ƙarfi, jirgi na gudu, Riskuwa ya ce in Allah ya so mu yi magariba a Yawuri. Hannunta na cikin nawa tun daga mashaya, yatsuna kan jijiyar.

Da hantsi ta yi magana. Ta tambaye ni ko gaskiya ne ka rubuta sunanta cikin takarda, don mata sun gaya mata. Na ce gaskiya ne, ƙiri-ƙiri, anka karanta a zaure gaban dattawa, yaron ba ya da ta ido. Ta yi murmushi ta ce, "To angona, ka ga ya fi ka." Na ce ya fi ni wando dai. Ta so ta yi dariya, numfashi bai bari ba. Can ta ce a gaya wa Inna Tasallah kununta da daɗi, ita ce dai cikinta ya ƙi. Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba sai salati, ina yi tana bi da leɓe.

Bayan azahar jijiyar ta fara ɓace mini. In neme ta in samu, in sake nema. Na riƙa matsa yatsu ina cewa hannuna ne ya mutu don zama. La'asar ba ta yi ba na neme ta ko'ina, wuyan hannu, wuya, na sa kunne a ƙirji. Shiru. Ruwa kaɗai ke bugun jirgi. Riskuwa ya dube ni ya aje filafili.

Komawa gida gaba da ruwa kwana ne da yini, ba a aje mamaci haka. Munka tsaya wata tungar masunta kan tudu. Ba su san mu ba, ba mu san su ba. Matansu sunka yi mata wanka, wani tsoho ya ba da sabon ƙyalle da ya aje don kansa, munka yi mata salla. Ni da na san kushewar kowa namu tun daga kakan kakanka, in nuna maka ta da sanda ko ciyawa ta rufe, tawa jikar tana kwance cikin baƙi, wurin da in ruwa ya janye mutanensa tashi suke. Na ɗora dutse babba, na yi wa itacen giginya da ke gefen tsaga uku da askata. Riskuwa ya san wurin. Ka ce ya tsaya da kai.

Tasallah ta ce iskar kogi ce. Tun ran nan ba ta yi mini magana ba, tuwo sai ta aiko. Kai za ka ce kanwa ce da wuta. Wani zai ce kwana biyun da na jira. Liman ya ce kwana ne ya ƙare, shi kaɗai ba a yi wa gardama. Ni na bi na Tasallah wata biyu, na bi naka kwana uku, ba wanda ya bar mini yarinyata. Kada ka zo ka ce mini da an yi kaza. Kada kuma ka faɗa wa tsohuwar nan, ta rame ta zama kara, ita ke kwana da zanen yarinyar. In kana da magana kan wanka, ka bari a share makoki, ka zauna gabanta ka faɗa da bakinka a hankali, ni zan zauna kusa. Ban ce zan goyi bayanka ba. Na ce zan zauna.

Ka taho gida. Yaron nan ya fara bin mutane da ido, kowa ya shigo sai ya dube shi, bai ga nasa ba tukuna. Na san ɗan fari ne, ba ka iya ɗaukarsa gaban manya, ko kallonsa sai a sace. To ran da ka iso, Tasallah za ta tafi gidan liman, ni kuma ina da kawunan da zan aske a Kaoje, ba ni dawowa sai rana ta faɗi. Atika za ta aje maka shi kan tabarma ta fita. Ka ɗauki ɗanka, ka yi kukanka, ba mai ganinka.

Kakanka, Labbo.